Zan iya sa 'yan uwana su tattaro mini samfurin tsirrai don bincike?

Wata ɗaliba da ke zaune a Aboabo, a nan Kumasi, mai karatun digiri na biyu a KNUST, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, ta aiko da wannan tambaya: "Malam, bincikena a kan tsirran da masu maganin gargajiya na Zango ke bayarwa ne don zazzaɓi da ciwon shawara. Yawancin itatuwan ba sa fitowa a nan, daga arewa ake kawo sassaƙensu da saiwarsu. Kuɗin hannuna ba zai kai ni can sau da yawa ba, amma ina da kawu a wajen Salaga, da gwaggo a Bawku, da ƙanne maza biyu a Atebubu. Zan iya sa su tattaro mini? Za a karɓi irin wannan samfur?"

'Yata, za ki iya, kuma za a karɓa in an yi shi bisa ƙa'ida. Duk wanda ya taɓa buɗe akwatunan ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Ghana da ke Legon ya san ba farfesoshi kaɗai suka cika su ba. Ma'aikatan gandun daji da 'yan rakiya da manoma duk suna da hannu a ciki. Dalziel ma, likitan nan da ya wallafa sunayen tsirrai na Hausa a 1916, daga bakin mutanen da ya zauna cikinsu a Arewacin Nijeriya ya ji sunayen. Ma'ajiya ba ta tambayar takardar makarantar wanda ya tsinko reshe. Tambayarta ita ce a ina aka tsinko shi, yaushe, wa ya tsinko, kuma ko akwai abin da zai sa a gane shi ba tare da kokwanto ba.

Babbar matsalar da za ki haɗu da ita a aikin 'yan uwa kara ce. Kawunki yana ƙaunarki, yana alfahari cewa 'yar gidansu ta kai wannan matsayi. Kin ce masa kina son sanya da tafashiya da rawaya kafin ƙarshen wata. Ya fita sau biyu bai ga sanya ba, ga aikin gona ya taso. Zai yi masa nauyi ya ce miki "ban samu ba". Sai ya shiga kasuwa ranar da take ci, ya sayi saiwa wajen mai magani, ya naɗe ya aiko miki, a ransa kuma ya taimake ki ne, ba ya ganin ya yi wani laifi. Ke kuma ki rubuta cewa an tono ta a Salaga, alhali wataƙila daga Burkina Faso ta shigo, wataƙila ma ba sanyar ba ce. Daga wannan rana duk gwajin da kika yi a ɗakin bincike a kan wannan saiwa ba shi da tushe, kuma ba yadda za a yi ki gane. Saboda haka tun kafin a taɓa ganye ko ɗaya, ki zauna da su ki faɗa musu da bakinki, cikin ladabi amma a fili: "Kawu, in ba a samu ba, a ce mini ba a samu ba. Wannan ma amsa ce, zan rubuta ta, kuma tana da amfani a wurina." Gaskiya ce kuwa kika faɗa musu. In tsohon da ya yi shekaru yana yawon dajin ya ce da can sanya tana nan bayan gari, yanzu sai an yi tafiyar rabin yini, wannan labari ne da ya cancanci shiga kundinki.

Haka kuma kada ki biya su bisa yawan samfurin da suka kawo. Ki biya kuɗin mai da na abinci da ladan yinin da aka ɓata, ko an samu ko ba a samu ba. In kika ɗaura kuɗi a kan yawa, to ke da kanki kika buɗe ƙofar cike gurbi.

Suna shi ne abu na biyu da zai ruɗe ki. Kalgo iri biyu ne: Piliostigma thonningii, mai faffaɗan ganye da gashi-gashi a bayansa, da Piliostigma reticulatum, mai ƙaramin ganye sumul, wanda ya fi son busasshiyar ƙasa ta can arewa. Gwaggo a Bawku da ƙannenki a Atebubu za su iya aiko miki da "kalgo" kowa da irin nasa, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Baushe ma suna ne da ya rufe nau'i fiye da ɗaya na dangin Terminalia. Rawaya, wadda ba makawa za ta fito a bincikenki na ciwon shawara, ita ma biyu ce: Cochlospermum planchonii, mai tsayi, da ke fure a kan reshe mai ganye wajen ƙarshen damina, da Cochlospermum tinctorium, wadda furenta mai ruwan ɗorawa ke fitowa dab da ƙasa da rani, sau da yawa bayan gobarar daji, ba ganye ko ɗaya a jikinta. Ga kuma rikicin harsuna. Kawunki a Salaga yana jin sunan Hausa, maƙwabcinsa na kiran itacen da Gonjanci ko Dagbanci, a Bawku akwai Kusasi da Mosi da Busanga, mai maganin da kika yi hira da shi a unguwar Asawase kuma wataƙila da sunan Tuwi ya sayo shi a kasuwar Kejetia. A rubuta kowane suna yadda aka ji shi, da harshen da aka faɗe shi, da wanda ya faɗa. Kada a gyara, kada a haɗe biyu su zama ɗaya. Aikin haɗewa naki ne, bayan an tantance samfurin.

Shi ya sa sassaƙe ko saiwa ko gari ba sa zama shaida su kaɗai. Abin da masanin rarrabe tsirrai ke buƙata shi ne reshe mai ganye tare da fure ko 'ya'ya, in son samu ne duka biyun. Tsawonsa kamar santimita 30 zuwa 40, wato ɗan ƙasa da kamu ɗaya, domin takardar da ake liƙa shi a kai tana wajen santimita 29 a 42. A yanko shi yadda za a ga yadda ganyen ke jeruwa a jikin reshe, kada a zage ganye a zuba a leda kamar za a yi miya. Ganyen maɗaci da na ɗorawa tarin ƙananan ganyaye ne a kan kara ɗaya, to a ɗauko shi sukutum tun daga inda ya manne da reshe. In ƙaramin tsiro ne irin tafasa ko rai ɗore, a tono shi da saiwarsa, a kakkaɓe ƙasar. Daga kowane tsiro a yi samfur uku iri ɗaya: ɗaya ya zauna a sashenku, ɗaya a kai Legon, ɗaya na ko-ta-kwana. In kauci ne, a haɗo da reshen itacen da ya hau, domin masu magani da kansu suna bambanta kaucin ɗorawa da kaucin tsamiya da na kaɗanya.

Ba na ba ki shawarar ki koyar da wannan ta waya. Ki je da ƙafarki sau ɗaya, ko da wuri ɗaya ne cikin ukun, ki yi samfur biyar ko shida a gabansu, sannan su yi kina kallo. Gani ya kori ji. In kuɗin bai kai Bawku ba, ki kira ƙannenki na Atebubu su zo Kumasi ki koya musu, ɗayansu ya kai ilimin gaba. Kuma ki haɗa mutum biyu a kowane wuri: babba da ya san daji, da matashi mai rubutu da waya. Babban ya nuna, ya faɗi suna da amfani. Matashin ya yanka, ya ɗauki hoto, ya rubuta. Kada ki raina gwaggo a wannan aiki. Matan da ke fita tsintar kaɗanya da yankan itacen girki sun san inda kowace bishiya take da lokacin da take huda fiye da yawancin mazan gari.

Rubutun nan shi ne rabin samfurin. Ki ba kowane mai tattarawa littafi ɗaya da fensir, ba biro ba, domin tawada tana baje wa in ta ji danshi. Kowa ya riƙe jerin lambobinsa, daga 1 zuwa sama, da harufan sunansa a gaba, kuma lamba ba ta maimaituwa har abada. A rubuta lambar a ƙaramar takarda a ɗaura a jikin reshen da zare tun ana gindin itacen, a rubuta ta a gefen jaridar da aka sa shi ciki, a kuma ɗauki hoton takardar kafin a fara ɗaukar hoton itacen, don ki san hotunan da suka biyo baya na wace lamba ne. A littafin a sa kwanan wata, sunan ƙauye mafi kusa da nisa daga gare shi, da irin wurin: fadama ce ko tudu, jigawa ko marmara, gona ko saura, bakin rafi ko kan suri. Sannan a rubuta duk abin da bushewa za ta tafi da shi. Tsayin itacen. Launin fure, domin furen sanya mai ruwan shunayya zai koɗe. Ƙamshi ko wari, kamar saiwar sanya da ke tashi irin na man shafawa na ciwon jiki. In an sari ɓawo, wane launi ne ciki, kuma ya fid da ruwa fari ne ko ja ko bai fid da komai ba. In matashin ya fi sakewa da ajami, ya rubuta da ajami. In kawu ya fi son magana, a ɗauki muryarsa a wurin, ke ki kwafe daga baya.

Game da wurin, kowace waya ta zamani tana iya ba da lambobin taswira ko da babu sabis, kuma manhajar GhanaPostGPS da aka fito da ita a 2017 mutane da yawa sun saba da ita. Sai dai ki lura, in aka turo hoto ta WhatsApp yadda aka saba, bayanan wuri da ke ɓoye cikin hoton suna gogewa. A turo shi a matsayin fayil, ko kuma a kwafi lambobin da hannu a littafi. Na fi amincewa da na biyun.

Dannewa ba ta buƙatar kayan kanti. Falle biyu na filawud, santimita 30 a 45, da tsofaffin jaridu, da kwalaye da aka yanka daidai da katakon, da igiya ko robar tayar babur. A shimfiɗa reshen cikin jarida, a miƙe ganyen kada su hau juna, a juya ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, a sa kwali, a sa jarida ta gaba, a ɗaure tam. A danne a ranar da aka yanko. Kwana uku na farko a canza jarida kullum, bayan nan duk bayan kwana biyu har ganye ya bushe ƙarau, ya daina sanyi in an taɓa shi da bayan hannu. A ajiye matsin inda iska ke kaɗawa ko a rana, amma samfurin kansa kada a baje shi a rana tsirara, zai kanannaɗe. 'Ya'ya masu kauri irin na kuka ko tafashiya a tsaga su, a busar daban, a sa musu lamba ɗaya da reshen. Irin da ya zube a tara shi cikin ambulan.

A nan kina da sa'a, domin hunturun arewa na busar da samfur cikin 'yan kwanaki, abin da danshin Kumasi ba zai yi ba sai da fitila ko na'urar busarwa mai ɗumi kamar digiri 35 zuwa 45. Don haka a busar a can, a aiko miki busasshe. Kada a yarda a cusa ɗanyen ganye a leda a ba direban Bawku. Kafin motar ta iso Kumasi ya gumu ya yi baƙi, fumfuna ta kama shi. Busasshen a bar shi cikin jaridarsa, a haɗa tsakanin kwali biyu, a ɗaure, sannan a rufa leda daga waje saboda ruwa, a kuma roƙi yaron mota kada a ɗora masa buhu. Da ya iso hannunki, ki rufe shi cikin leda ki sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na akalla kwana uku, mako guda ya fi, don kashe ƙwari da ƙwansu. Babu ma'ajiyar da za ta so ki shigo mata da ƙwari.

Lokaci kuma sai kin tsara shi da kalandar itatuwa, ba ta jami'a ba. Arewa damina ɗaya gare ta, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Ƙananan tsirrai da ciyayi suna fure cikinta da kuma kaka. Amma manyan itatuwa da yawa da rani suke huda: ɗorawa da kaɗanya tsakanin hunturu da bazara, 'ya'yan kaɗanya kuma sai ruwa ya fara sauka. Gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da sauran ke kore. A nan ne 'yan uwa suka fi ki amfani nesa ba kusa ba, domin suna wurin duk shekara. Su sa wa tsiro alama, su ɗauki furensa da rani, su koma ga wannan tsiron dai da damina su ɗauko ganye, da sabuwar lamba da bayanin cewa shi ne na lamba kaza. Rawaya mai fure a ƙasa ba ta cika samfur sai da haka.

Tunda za ki yi gwaji a ɗakin bincike, za ki buƙaci sassaƙe ko saiwa mai yawa. Ƙa'idar ɗaya ce: daga itacen da aka yanko reshen shaida, daga shi za a ɗebo, a rana ɗaya, da lamba ɗaya. A busar a inuwa a kan tabarma mai tsabta, ba a ƙasa ba, kuma ba a cikin buhun taki ko na maganin feshi ba. Kada a daka, ke za ki niƙa. Kada a zuba wa samfurin barasar adanawa, tana wanke sinadaran da kike nema. In malaminki yana son gwajin DNA, sai a tsinki ɗan sabon ganye lafiyayye a sa cikin ƙaramar leda mai zif da silika jel, ƙwayoyin nan masu shanye danshi, wadda ta ninka nauyin ganyen kamar sau goma.

Ina roƙonki ki ja musu kunne kan ɓarna. Sassaƙa a gefe ɗaya ake yi, tsiri a tsaye, ba a zagaye gindi, domin itacen da aka zagaye ɓawonsa mutuwa yake yi. Duk mai bin hanyar arewa ya ga yadda aka mayar da gindin maɗaci. Saiwa a ɗauki ta gefe, a mayar da ƙasa. In tsiron bai fi 'yan ƙwarori ba a wurin, a ɗauki hoto a bar shi. Madobiya kuwa tana cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa, gwamnati ma ta sha hana sararta, don haka ko reshenta kike so ki fara tuntuɓar Hukumar Gandun Daji. Dajin Mole da na Digya da duk wani gandun gwamnati ba a tsinkar komai cikinsu sai da izini a rubuce, kuma izinin da sunanki da na jami'a zai fito, ba za a tura ƙanenki ya je ya faɗa hannun masu gadi ba. A ƙauye a gaida sarki, a nemi yardar mai gona, kuma kurmin da mutanen gari ke tsarkakewa, wanda ke hannun tindana, wato mai kula da ƙasa da tsafinta a gargajiyar arewa, a bar musu abinsu ko da mu ba mu yi imani da shi ba. Ki karɓo takarda mai hatimin sashenku, kowa ya riƙe kwafi a aljihu. In kuma akwai maganar aika samfur waje, wannan ya shafi takardar lafiyar tsirrai daga Ma'aikatar Noma da ƙa'idojin yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan raba amfanin albarkatun halittu, jami'a ce za ta bi su, ba a sa shi cikin jakar matafiyi.

Lafiyarsu amana ce a wuyanki. Takalmi mai rufe ƙafa da dogon wando, saboda kububuwa da kasa, musamman lokacin sharar gona da farkon ruwa. Safar hannu wajen tumfafiya da tinya, ruwansu yana cutar da ido ƙwarai. Karara ba sai na faɗa ba. Kada kowa ya ɗanɗana abin da bai sani ba don ya rubuta miki ɗanɗanonsa, kuma 'ya'yan zaƙami da idon zakara da zurma a ɓoye su daga yara, guba ne. Ƙananan yara ba sa cikin wannan aiki, hawan bishiya ma babu. Doguwar gora mai ƙugiya ta wadatar. Bawku kuma kin san halin tsaron da ake ciki, kada sha'awar samfur ta sa gwaggo ko 'ya'yanta su yi nisa da gari.

Saura haƙƙi. Sunan wanda ya tsinko shi ne ke hawa takardar samfur a matsayin mai tattarawa, ba naki ba, kuma wannan takarda za ta iya zama a ma'ajiya fiye da shekara ɗari. Ki sa sunayensu a godiyar kundinki, wanda kuma ya ba da ilimi mai yawa ki yi magana da malaminki ko ya cancanci fiye da godiya. Kasancewar kawu kawunki ne bai ɗauke miki neman yardarsa ba. Kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a zai tambaye ki takardar amincewa, kuma daidai ne ya tambaya. Ki bayyana masa cewa abin da ya faɗa za a buga shi, kowa a duniya zai iya karantawa. In ya ce wani haɗi gadon gidansu ne, ba na bugawa ba, ki rufe littafinki a kansa.

Kafin a shiga aikin sosai, ki sa kowane rukuni ya yi gwaji da tsirrai uku da ba a ruɗewa a kansu, kamar darbejiya da zogale da tsamiya, su danne, su rubuta, su aiko. Ki kai wa ma'aikacin ma'ajiyar sashenku ya duba tare da ke. A nan za ki ga wa ke manta kwanan wata, wa ke yanko reshe ba fure, wa ke barin jarida ta jiƙe, ki gyara musu tun ba a yi asarar huda ta shekara guda ba. Samfuran gaskiya kuma in sun iso, kada ki dogara da manhajar gane tsirrai ta waya, ba ta ƙware a itatuwanmu ba. A tantance su ta hanyar kwatanta su da na ma'ajiya, a KNUST ko Legon, ko cibiyar binciken gandun daji da ke Fumesua, ko cibiyar binciken magungunan tsirrai ta Mampong-Akuapem da aka kafa a 1975. Ki rubuta sunan wanda ya tantance da ranar, ki karɓi lambar ajiya ta kowane samfur, domin ita ce mujallu da masu jarrabawa za su nema a sashen hanyoyin bincikenki.